Jimlar da Malam ya sa mu rubuta

Talata. Tun azahar hadari ya haɗo daga gabas, har na kwashe shanya, amma ko ɗigo bai sauka a Pantami ba. Na bar wa Adda yara, na tari Keke Napep zuwa darasin Turanci.

Yau "if" muka yi, kuma da farko na ji daɗinsa ƙwarai. Malam ya leƙa taga, ya dawo ya rubuta a allo: If it rains, we will close early. Ya ce wannan shi ne "in" ɗinmu, abu bai faru ba tukuna amma yana iya faruwa. Ya ja mana kunne kada mu kuskura mu sa will a gefen da if yake, wai nan ɗalibai suke zubar da maki a WAEC. Sai ya jero may, might, probably, unlikely. Probably ya kusa da tabbas, might kuwa irin "ƙila" ɗin nan ne da mutum ke faɗa yana ɗage kafaɗa, unlikely shi ne "da wuya". Ashe duk muna da su a bakinmu. Wata daga baya ta tambaya ina "in sha Allahu" zai shiga a jerin. Malam ya ce wannan ba kalmar shakka ba ce, miƙa al'amari ne ga Mai shi. Amsar ta kwanta mini.

Daga nan ya kawo wani nau'in "if" ɗin: If I had left early, I would have caught the bus. Da na fita da wuri, da na sami mota. Ya ce duk inda muka ga had a gaba, would have a baya, to abin ya riga ya wuce. Kowa ya rubuta tasa daga rayuwarsa.

Ban yi dogon tunani ba, hannuna ne ya rubuta: If Baba had not died, I would have finished school. Malam ya zo kaina, ya karanta, ya sa jan biro ya ce babu kuskure ko ɗaya. Ya ɗan tsaya, a hankali ya ce, "Allah ya jiƙansa." Ya wuce.

Shekara 11 ke nan, ina aji biyar na sakandare. Ban taɓa furta maganar nan da Hausa ba, ko ga maigida.

Da na dawo na nuna wa Adda, na fassara mata. Ta ajiye muciya.

"Ke, yi istigfari. Kin manta hadisin? Manzon Allah (SAW) ya ce 'da' tana buɗe aikin Shaiɗan. Cewa za ki yi Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata."

Na sani, yana cikin Sahihu Muslim, tare muka karanta a Islamiyya. Na ce, "Adda, darasi ne kawai."

"To me ya sa idonki ya yi ja?"

Gaskiyarta ne, na yi istigfarin. Sai dai ita ma da ta juya kan tukunya na ga ta share fuska da bakin zani. Ita aka fara cirewa a makaranta kafin ni.

Tuwon masara da miyar kuka. Auta ya ƙi ci sai da aka sa masa man shanu.

Aikin gida jimla 10 ne, na yi 7, duk a kan mota da ruwan sama. Shafin ɗazu ban yage shi ba. Ga iska ta taso, kayan makarantar yara suna kan igiya.