Mai adaidaita ya ja da 'yata a ciki, ni ina bakin titi riƙe da kekenta

Ban sayi keken tura jariri don gayu ba, ko da yake abin da aka riƙa faɗa a unguwa ke nan. Aiki aka yi mini aka ciro 'yata, kuma duk macen da aka taɓa yi wa aiki ta san daidai inda majanyi yake zama in an ɗaure shi. Har muka yi arba'in muka wuce, in na goya ta na ɗan lokaci sai wurin ɗinkin ya ɗauki zugi, bayana ya riƙe. Ga layin rigakafi, na sati 6, na sati 10, na sati 14, kowanne sai an shafe rabin yini a kan benci ko a tsaye. Maigidan ne ya samo mini keken a wurin 'yan gwanjo, babba, mai rumfa da kwando a ƙasa, irin wanda ake kwantar da bayansa gaba ɗaya, tunda jaririn da bai kai wata 6 ba kwanciya ce ta dace da shi. A asibiti ya yi mini rana, ba zan ɓoye alherinsa ba. Inda ake yin ta shi ne tsakanin ƙofar gidanmu a Rijiyar Zaki da duk inda za ni, domin ba mu da mota.

Mu da muka tashi a garin nan mun san saboda mata aka fara kawo baburan nan masu ƙafa uku a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, don a raba mu da hawan acaɓa. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 sai suka zama abin hawan kowa da kowa. Mutum uku a baya, namiji ɗaya ko biyu a raɓe kusa da direba. Ɗan wurin da ke bayan kujera na leda ne da jaka. Keken nawa ko an naɗe shi ba ya shiga, sai dai a gitta shi a kan ƙafafun mutane, tayoyi biyu suna leƙe waje. Tayar da ta bi ta lungunmu kuwa, in ta goga a jikin atamfar wata ko farar shaddar wani ranar Juma'a, haƙuri za ki yi ta bayarwa har ki sauka.

Masu adaidaita da yawa suna hango keken suke wucewa. Wanda ya tsaya zai ce, “Hajiya, kujera biyu za ki biya, ko ki ɗauki shata.” Ba na ganin laifinsu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, ga balas da yawancinsu suke kai wa mai babur kullum. Gurbin mutum ɗaya kuɗi ne a wurinsu. Na saba biyan kujera biyu ba tare da ciniki ba.

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mini: keken ya fi yarinyar nauyi. Manyan nan suna kai kilo 10 zuwa sama, ita kuwa a lokacin ba ta wuce kilo 6 ba. An ce kada in ɗaga abin da ya fi jaririya nauyi, ga shi a kowace fita ina ɗaga shi in tsallake kwata, in cusa shi a babur, in sake jawo shi. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya same ni a goman ƙarshe na azumi.

Za ni gidanmu a Fagge in kai wa Umma kayan sallarta. Wanda ya san gefen Kantin Kwari a waɗannan kwanaki ya san yadda ake: 'yan dako, masu kura, motocin kaya daga kowace jiha, adaidaita a jere ba masaka tsinke. Na biya kujera biyu, ni a gefe, keken a gicce, ɗaya gefen wata dattijuwa ce da carbi a hannunta. Tun daga Kabuga take yi wa yarinyar wasa. Da muka iso inda zan sauka na ce, “Malam, akwai sauka.” Ya ce, “Hajiya yi sauri don Allah, nan ba a tsayawa.” Keken ya maƙale a ƙarfen da ke bayan direba, hannu ɗaya ba zai fitar da shi ba. Dattijuwar ta ce, “Kawo ta nan, 'yar nan, ki ji da kayanki.” Na miƙa mata, kamar yadda kowace mace a Kano take miƙa ɗanta a mota, kamar yadda ni ma na sha karɓar 'ya'yan mutane. Na sauka, na sa hannu biyu na fizgo keken.

Fitarsa ke da wuya sai masu kula da hanya suka taso wa baburan da suka tsaya a wurin. Kowa ya ja. Shi ma nawa ya ja. A zatonsa kaya sun fita, fasinja ta sauka, an gama.

Ban san lokacin da na saki keken a tsakiyar titi ba. Ina gudu ina cewa “'Yata! 'Yata tana ciki!” amma muryata ba ta fita yadda nake so, ga ƙarar hon ta ko'ina. Baburan duk rawaya ne, duk labulensu iri ɗaya, ban duba lambar da ke jikinsa ba, fuskar direban ma ban riƙe ba, ƙeyarsa kawai na gani tun daga gida. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne yaran Kano tara da aka sace aka ceto su a 2019, yawancinsu a Anaca. Allah ya yafe mini, har dattijuwar nan na zarga a zuciyata a wannan ɗan lokacin, na tuna yadda take ta wasa da yarinyar, na ce shiri ne.

Ba shiri ba ne. Can gaba, bayan an wuce mahaɗar, na hango hannu ya fito daga wani babur yana ɗaga carbi. Ashe tun da ya ja take dukan kafaɗarsa tana salati, shi kuma ba halin ya tsaya sai da ya fita daga inda ake kora. Da na isa, yarinyar ko kuka ba ta yi, tana tsotsar bakin hijabin matar. Direban, saurayi ne ƙarami, jikinsa yana rawa fiye da nawa, yana ta cewa, “Wallahi Hajiya ban sani ba, wallahi na ɗauka tana hannunki.” Dattijuwar ta miƙo mini ita ta ce, “Riƙe abarki, yi ta hamdala. Ɗa na kowa ne, amma ki daina sauka ki bar shi.” Wani ɗan dako ya biyo ni da keken a ka, tayarsa ɗaya ta karye, wata kura ta bi ta kai. Wurin ɗinkina kuwa sai da ya yi kwanaki yana gaya mini na yi gudu.

Har yau in na tuna sai cikina ya juya. Ba wanda ya yi mugunta a cikinmu. Matar taimako ta yi, yaron tsoron kamu ya ji, domin in aka kama babur ɗinsa aikin ranar ya tafi. Abin da ya haɗa mu shi ne kaya mai cin hannu biyu a wurin da ba a ba ka ko minti ɗaya. Kuma duk mai yawo da keken jariri a adaidaita za ta iso wannan gaɓar, ko yau ko gobe: keke na son hannu biyu, jariri na son hannu biyu.

Saboda haka yanzu yarinya a jikina take kafin in taɓa komai. Na samo abin goyon gaba mai maɗauri a kafaɗa, wanda ba ya sauka kan mara, kuma tun a tsakar gida nake saka ta a ciki, keken in naɗe shi in ɗaure da igiya don kada ya buɗe a hanya. Goyon baya na zani ya fi sauƙi ga wadda jikinta lafiya lau, amma a adaidaita yana da nasa: kan yaro yana iya bugun ƙarfen rufi wajen shiga, in kin jingina kuma kin danne shi, dole ki juyo da shi kan cinya, to kin koma gidan jiya, hannuwanki sun cika. Da na gaba, ki shiga da ita, ki zauna da ita, ki sauka da ita. Ki dai tabbata fuskarta a buɗe take kina ganinta, haɓarta ba ta danne a ƙirjinta ba, kada ki lulluɓe ta ruf a cikin hijabi, musamman a zafin Maris da Afrilu da ake haura digiri 40. Haka rumfar keken: yafa mata zani ko tawul don kare rana yana tare iska, cikin ya ƙara zafi.

In dole sai wani ya taimaka, keken nake miƙawa. Mutanen Kano ba sa ƙin taimako, ko direba ko fasinjan gaba in kin ce “Malam, don Allah ɗan sauko mini da wannan” zai sauko da shi. A karya shi, a tafi da shi ma, na yafe. Ko wajen zama ban hana a ɗaukar mini ita ba in muna tafiya, ba na son in zama mai ƙyamar mutane saboda abin da ya faru. Amma kafin a iso, tana dawowa jikina, kuma ba na sa ƙafa a ƙasa sai da ita.

Wurin sauka ma tun kafin in hau nake yin maganarsa. Ba na cewa “Kwari” ko “Bata” kawai. Ina cewa ya sauke ni kafin mahaɗa ko bayan ta, inda zai iya fakawa ya kwantar da hankalinsa, ko da zan ƙara tafiyar ƙafa. Ranar nan da a ɗan gaba kaɗan na sauka, da ba wanda zai kore mu. Kuɗin mota ina ware shi a hannu tun a hanya, canji daidai, kuma ba na biya sai komai nawa ya sauka. Direban da bai karɓi kuɗinsa ba yana waiwaye. Lambar babur kuwa yanzu ina karanta ta kafin in shiga, in na yi nisa in tura wa maigidan a waya. Wasu direbobin suna ɓata rai in sun ga ina dubawa. Su yi haƙuri.

Bas ɗin haya na gwada, ban koma ba. Kwandasta zai karɓi keken ya tura a but ko ƙarƙashin kujera, wannan ya yi, amma ke an cusa ki can baya, a jere huɗu, in za ki fita sai kin sunkuya kin ratsa gwiwoyin mutane, abu na farko da za a ce miki shi ne “miƙo yaron ta taga” ko “ba shi ya riƙe miki”. Da na ji haka gabana yake faɗuwa. In babu makawa, ki jira wadda kujerar kusa da ƙofa take a sake.

Sai doguwar hijabi. Ina son har-ƙasa, amma ranar fita da keke ba na saka ta. Ta sha shiga maɗaurin keken in ana naɗewa, kuma gefenta yana iya zubowa waje kusa da tayar babur ba ki sani ba, hankalinki yana kan yaro. Mai tsayi zuwa gwiwa nake sawa, in tattare ta a cinya.

Ko an sauka lafiya, titin kansa ba a yi shi don keken jariri ba. Inda aka yi gefen masu tafiya da ƙafa, masu tebur da masu faci sun zauna, ko an faka mota. Dole ki sauko kan kwalta, kuma tsayin keken daidai yake da salansar motoci, duk hayaƙin a fuskar yaro yake ƙarewa. Da damina ga ruwa kwance, ba ki san inda murfin kwata ya ɓace ba. Gadar sama ta masu tsallaka titi kuwa matakala ce. A cikin kasuwa, Kwari ko Sabon Gari ko Kurmi, kada ma ki fara. Layukan na 'yan dako ne da kura, su kuma ba sa ganin abin da ke ƙasa da ƙugunsu in sun ɗauko dila.

Umma da ta ji labarin ba ta yi faɗa ba, ta dai karɓi jikarta ta daɗe tana tofa mata addu'a, sannan ta ce a bar keken a wurinta. Mai walda ya gyara tayar, yana can Fagge, in mun je yini a ciki yarinyar take barci a tsakar gida. Da ta cika wata 6 ta fara zama, na sayi ƙarami mara nauyi, irin mai naɗewa tsaye kamar lema, wanda nake iya riƙewa da hannu ɗaya in tsayar da shi tsakanin ƙafafuna, ba sai na biya kujera biyu ba. Shi ma ba kullum ba. Ranar allurar ƙyanda ta wata 9 na fita da shi saboda na san layin da ke jirana, kuma shata na ɗauka, wani mai adaidaita na unguwarmu da maigidan ya san gidansu, ya kai mu har bakin ƙofa, ya kashe babur ɗin kafin in sauka. Zuwa gidan suna ko biki ko kasuwa, da abin goyo kawai nake fita, jakar kayanta a kafaɗa, kuma ina ƙoƙarin in bar gida bayan an gama kai yara makaranta, in dawo kafin la'asar.