Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Awa huɗu kafin haihuwa

Makon jiya na tsaya a inda na kai wa likita takardar gwajin fitsari, ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Maman yara, a ina kika haifi na baya?"

Na ce a gida, duka biyun. Ta fari a ɗakin Ummata lokacin goyon ciki, na biyu kuwa kafin ungozomar unguwarmu ta gama ɗaura zani ya riga ya faɗo. Wannan na ukun ma a gida na yi niyya. Na sayi ledar shimfiɗa da sabuwar reza da zaren ɗaure cibiya, na zuba su a kwalla tun cikin yana wata bakwai.

Ta ce an ga wata ƙwayar cuta a fitsarina, su ma'aikatan asibiti GBS suke kiranta. Gabana ya faɗi, domin abin da ya fara zo mini shi ne ciwon sanyi, da kuma irin kallon da zan yi wa maigida idan na koma. Kamar ta san abin da ke raina, ta ce kada in zargi kowa. Ba ta saduwa ake ɗaukarta ba, ba kuma ƙazanta ba ce. Tana zaune ne a hanji da gaban mata da yawa, ta zo ta tafi, mace ba ta jin komai. Matsalar jariri ce. Idan faya ta fashe, ko yana kan hanyar fitowa, yana iya kwasarta, ta shiga jininsa ko huhunsa, ko ta zame masa sanƙarau. Duk ɗan Arewa ya san nauyin wannan kalma ta ƙarshe.

Ta rubuta mini ƙwayoyi saboda fitsarin, amma ta ce kada in ɗauka an gama. Ko na shanye su, kafin ranar haihuwa tana iya dawowa. Abin da ke kare jariri shi ne allurar fenisilin ta jijiya idan naƙuda ta fara, ana maimaitawa duk bayan awa huɗu har a haihu, kuma an fi so ta farko ta shiga aƙalla awa huɗu kafin ya fito. Ta ɗauki jan biro ta rubuta GBS da manyan baƙaƙe a saman katin awona.

Awa huɗu. Ni da naƙudar ɗana na biyu ba ta cika awa uku ba.

Ƙanwata tana makarantar nas a lokacin, ita ta ƙara warware mini da daddare. Ta ce rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna kusan mata 15 cikin 100 masu juna biyu suna ɗauke da ita. A lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, idan uwa tana da ita ba a yi allurar ba, jariri 1 cikin 200 ne ke kamuwa, idan an yi kuwa sai ya koma 1 cikin 4,000. A Amurka kowace mai ciki ana ɗaukar mata samfuri da auduga a mako na 36 zuwa 37. A Ingila ba kowa ake gwadawa ba, sai mai alamar haɗari. Mu kuwa yawanci sai an yi dace. Ni ma da fitsari bai yi mini zafi ba, da ban sani ba har yau, kuma wannan yana damuna idan na tuna yawan matan da muke layin awo tare.

Na yi ta juya ɗaya cikin ɗari biyun nan. Wani lokaci in ga ai kaɗan ne, wani lokaci in ga fuskar ɗayan.

Da na gaya wa Umma sai ta ce, "Ke dai kin cika jin maganar asibiti. Tara na haifa a tsakar ɗakin nan, wa ya yi mini allura? A dafa miki bagaruwa ki riƙa shiga, ya wuce." Na ce, "Umma, likita ta ce ba ruwan zafi ba, ba bagaruwa ba, ba abin da ke fitar da ita." Ta yi shiru. Can sai ƙanwata, wadda ba ta iya ɓoye magana, ta ce, "Umma, taran nan ai bakwai ne muka rayu."

Na zaci za ta yi faɗa. Maimakon haka ta ba mu labarin da ba ta taɓa ba mu ba. Wanda ke bi mini, namiji, ya zo lafiya ƙalau da asuba, ya yi kuka. Kafin la'asar ya ƙi kama nono, yana wani nishi kamar mai ɗauke da kaya, jikinsa ya saki. Washegari aka kai shi makwancinsa, aka ce bai zo da kwana ba. Ba wanda ya gwada shi, don haka ba zan ɗora wa wannan ƙwaya mutuwarsa ba. Amma alamomin da Umma ta lissafa su ne waɗanda likita ta ce in kula da su: nishi, numfashi da sauri, ƙin shan nono, barci mai nauyi, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau. Ta ce mafi yawa a yinin farko suke bayyana, har zuwa kwana na shida. Akwai kuma mai zuwa a makare, daga ranar suna har wata uku, wadda allurar naƙuda ba ta hana ta, sai dai sa ido.

Duk da haka ban saki gida da wuri ba. Ina son ɗakina, ina son hannun ungozomarmu, kuma har yau ba na raina matar da ta haihu a gida. Na je wurin wata nas maƙwabciyarmu na ce, "Anti, in naƙuda ta tashi ba za ki zo ki sa mini a gida ba?" Ta ce, "Ƙanwata, sa allura ba wuya. Amma in jikinki ya ƙi fenisilin numfashi ya sarƙe, da me zan taimake ki a nan? In yaro ya fito yana nishi, ina iskar da zan sa masa? Kuma in ina bakin aiki a daren fa?" Ban sami amsa ba.

Sai muka tsara. Da na ji ciwon farko zan faɗa, ba zan yi kunyar nan tamu ta cije baki har sai abu ya zo gab ba. Idan faya ta fashe ko ba ciwo, ko na ji zazzaɓi, a tafi nan take. Ƙarshen 2022 ne, adaidaita sahu ba sa aiki a Kano daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka maigida ya roƙi maƙwabcinmu mai mota, ya zuba masa mai tun kafin lokaci. Ungozomar da nake jin nauyin gaya mata, ita ce ma ta ce, "'Yar nan, ai sai in bi ku, in riƙe miki hannu a can." Umma da kanta ta fitar da kayan daga kwalla ta mayar cikin jaka, ta ɗora katin a sama.

Cikin ya shiga mako na 38, sanyin hunturu ya kankama. Wani daren Talata, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, na farka na ji zanina sharkaf, ba ciwo ko kaɗan. Na taɓa maigida na ce, "Baban yara, tashi, faya ce." Ya fita ko takalmi bai saka ba, ina jin yana buga ƙofar maƙwabcin, ni kuma ina laluben katin nan mai jan rubutu a cikin duhu. Ciwon farko ya same ni a soro.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.