Talata: koyil ɗin da ba a taɓawa

Na tashi da murnata yau. Osiletan da na yi mako uku ina zanawa, wato 'yar da'irar lantarki mai samar da bugun sigina, yana bugawa daidai gigahaz 28 a kwamfuta. Da na shimfiɗa wayoyinsa yadda za su kwanta a kan silikon, na sake gwadawa, sai ya sauko 26.8. 'Yan gajerun wayoyin haɗi ne suka ɗora kusan femtofarad 30 (ma'aunin kondensa, wato ma'ajiyar cajin lantarki) a kan 323 da na lissafa. Haka safiyar ta tafi.

Bayan la'asar na kai wa Baffa, tsohon mai gyaran rediyo, maganin idonsa Tudun Wada. Yana zaure, rediyonsa a gefen tabarma. Muna gama gaisawa ya ce, "Kai yaron nan, fuskarka ba daidai take ba. Aikin ne?"

Na fara kwana-kwana, ina neman yadda zan sauƙaƙa masa: cewa da'ira ce mai bugawa sau biliyan 28 a daƙiƙa guda, zangonta santimita ɗaya da 'yan kai, irin wadda ake sa wa wasu na'urorin 5G a ƙasashen waje. Ya katse ni.

"Koyil da kondensa dai kake nufi ko?"

"Su ne, Baffa."

"To kondensarka ce ta yi yawa, shi ya sa ya yi ƙasa. Buɗe koyil ɗin kaɗan."

Ya ɗaga yatsu biyu yana nuna min yadda yake raba zagayen wayar koyil ɗin rediyo da tsinken ashana har tasha ta faɗo wurinta, sannan ya ɗiga kyandir don kada ta motsa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don ainihin maganar ke nan.

Na ce masa nawa koyil ɗin zagaye ɗaya ne tak, faɗinsa kamar kaurin silin gashi. In an aika zanen masana'anta a Taiwan, sai bayan watanni ya dawo a rufe, babu tsinken da zai shiga. Shi ya sa muke binne ƙananan kondensa masu makunni a ciki, amma kowane makunni yana cin ƙarfin da'irar, bugun ya riƙa rawa.

"To wa ke riƙe shi kada ya yi yawo?"

Na ce kiristal ne mai megahaz 100. Ana raba bugun osiletan gida 280, a gwada da na kiristal, in ya kauce a janyo shi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe shi ma da limaminsa."

A hanyar dawowa murnar ta gushe. Shekara talatin mutumin nan yana shago, ƙaurin dalma a rigarsa, yanzu ko zare ba ya iya zurawa a allura. Akwatin kayan aikinsa na ƙarƙashin gadon Inna, babu wanda ya buɗe shi a cikinmu. Ni da nake wannan karatun ban taɓa zama na tambaye shi komai ba sai yau, shi ma shi ya fara.

Cunkoso a titin Ahmadu Bello. Tuwon dare ya huce. Wuta ta dawo ƙarfe tara.

Na rage koyil ɗin daga pikohenri (ma'aunin koyil) 100 zuwa 92 don bugun ya koma gigahaz 28, gwaji na tafiya. Ranar Juma'a, in Allah ya kai mu, zan tafi masa da kwamfutar, in faɗaɗa zanen har ya cika fuskarta, ko zai iya ganinsa.