Jakar kwana ɗaya

Aikin da na samu lokacin da nake karatu a wata ƙaramar jami'a a Amurka shi ne yi wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza hidima: cika gorunan ruwa, raba tawul, wanke jesi. Ba wani aikin a zo a gani ba ne, amma yana rage mini kuɗin abinci.

A can an kasa jami'o'i rukuni-rukuni. Tun Nuwamba ake fafatawa, sai a farkon Maris kowane rukuni ya shirya gasarsa ta sili-ɗaya-ƙwale. Wanda ya ɗauki kofi ya sami gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, mai ƙungiyoyi 68 a lokacin. Manyan rukunai kan tura ƙungiyoyi da dama, amma irin namu gurbi ɗaya tak ke gare shi. Ko kai ka fi kowa cin wasa wata huɗu, in ka yi tuntuɓe na minti 40 a gasar nan, sai dai ka kalli sauran a talabijin. Da farko na ɗauki wannan zalunci ne, har yau ma ban gama sauka daga ra'ayin ba.

Mu kuwa a ƙasan teburi muka gama kakar. Don haka da aka ce a haɗa kaya, na yi lissafina na mai wayo: za a fitar da mu daren farko, mu kwana, mu juyo. Riga ɗaya na jefa a jaka. Na ma shaida wa malaminmu cewa zan zauna gwajin ranar Juma'a. Dattijon da ke kula da kayan wasa ya leƙa jakata, ya tambaye ni ko na san labarin ƙungiyar Jami'ar Connecticut a 2011.

Ban sani ba, shi ya ba ni. Ta tara suka zo a rukunin Big East, wasa tara suka ci, tara aka ci su. Suka shiga gasar rukuninsu a zauren wasa na Madison Square Garden ranar Talata, suka doke jami'o'in DePaul, Georgetown, Pittsburgh, Syracuse da Louisville, wasa biyar cikin kwana biyar. Ɗan wasansu Kemba Walker shi kaɗai ya zuba maki 130, har da ƙwallon da ya jefa wa Pittsburgh daidai ƙarewar lokaci. Daga nan suka wuce suka ɗauki kofin ƙasa. Dattijon ya ce shi ba Walker yake tunawa ba, wanda ya wanke musu jesi dare huɗu a jere yake tunawa.

Na yi dariya, ban ƙara riga ba.

Muka ci wasan farko. Ƙa'ida ita ce wanda ke sama a teburi ya sa farar jesi, na ƙasa ya sa mai duhu, kuma kowa yana samanmu. Ma'ana saiti guda za mu riƙa sawa kullum, dole ya bushe kafin gari ya waye. Ni kuwa ban nemi wurin wanki ba, ban tanadi sabulu ba, domin a zuciyata mun riga mun koma gida. Ƙarfe biyun dare ina ƙasan otal ina canjin tsabar kuɗi don injin wanki, ina rubuta wa malami saƙon ban haƙuri da kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi damuna ba wahalar ba ce. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ya gan ni da rigar jiya, ya gane abin da take nufi, bai ce komai ba. Mutanen da nake cika wa gora tun Nuwamba, ashe ni ne na fara fitar da su daga gasar.

Washegari muka sake ci. A wasan ƙarshe aka doke mu. Malamin ya rage mini maki saboda jinkirin gwajin, ban yi musu ba. Da Maris ta zagayo, dattijon bai ma leƙa jakata ba, ɗaga ta kawai ya yi ya ji nauyinta, ya ajiye.