Lamba Ɗaya da Ke Rusa Koyon Na'ura

Abin da ya fi burge ni a koyon na'ura, wato koya wa kwamfuta aiki daga misalai, shi ne yadda ƙaramar lamba guda ke iya watsa aikin kwana uku. Manhaja za ta yi hasashe, a auna tazarar hasashen da amsar gaskiya, sannan a mayar da kuskuren baya-baya, kowace mahaɗa da ke cikin manhajar a ɗan gyara nauyinta, wato lambar da ke nuna ƙarfinta. Masana Rumelhart, Hinton da Williams ne suka yayata wannan dabara a 1986.

Lambar ita ce girman takun gyaran. Ka sa 0.1 inda 0.001 ya dace, sai kuskuren ya riƙa tsalle sama da ƙasa har allo ya nuna NaN, alamar lissafi ya rushe, don kowane gyara yana zarce inda ake nufi. Ka ƙanƙanta shi sosai kuma, ya yi ta jan ƙafa. In da Adam, wata dabarar sarrafa takun gyaran, kake aiki, fara da 0.001, in layin da ke nuna kuskuren ya fara rawa, raba lambar gida goma.

Ƙwaƙwalwar mutum fa, wadda ita ma ke koyo ta hanyar sauya ƙarfin mahaɗai, ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne, a kan wutar da ba ta wuce wat 20 ba. Tun 1949 masani Donald Hebb ya ce ƙwayoyin da ke motsawa tare haɗinsu na ƙara ƙarfi. Ko ƙwaƙwalwar tana mayar da kuskure baya irin na manhaja, masana na ta gardama har yau.