Daga ranar miƙa tanki nake fara lissafi

Ina da ƙaramin kamfani a Sharaɗa da ke Kano, inda muke ƙera bodin tirela da tankunan dakon mai, kuma harabarmu ba ta ɗaukar fiye da guda uku a lokaci ɗaya. Wannan ƙarancin wuri ne ya tilasta mini koyon tsarin da kamfanin Toyota na Japan ya shahara da shi, wanda injiniyansu Taiichi Ohno ya gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato kada kaya su iso sai lokacin da hannu zai taɓa su, kuma gwargwadon buƙata.

Idan aka kawo mini aiki, ranar da zan miƙa shi nake fara rubutawa a allo, sannan in riƙa komawa baya: fenti, kafinsa haɗa birki da wayoyin fitilu, kafinsu ɗora aksul (sandar ƙarfen da tayoyi ke hawa) da sifirin, kafinsu cika tanki da ruwa don a ga ko yana yoyo, har in iso ranar yankan farantin ƙarfe. Wahalar ƙera babban abu ita ce sassansa ba tare suke tafiya ba. Tsani da murfi kwana biyu suke ci, don haka ba na barin masu walda su taɓa su sai tanki ya kusa hawa firam, domin idan aka yi su da wuri kuɗina ne ke kwance a ƙasa yana tsatsa, ga kuma tare hanya. Lokacin hunturu nakan ƙara wa fenti kwana ɗaya saboda ƙura.

Inda na saɓa wa tsarin shi ne aksul. Ta jirgin ruwa yake zuwa tashar Apapa da ke Legas, kuma babu dillalin da zai iya rantse mini da ranar isowarsa Kano. Na taɓa jiran guda uku tsawon mako biyar, tanki gamamme yana zaune a kan katako ya hana na bayansa shigowa, mai shi kuma kullum yana waya. Tun da darajar naira ta faɗi a watan Yunin 2023, abin da aka jinkirta saya sai ya ƙara tsada, saboda haka yanzu aksul na tirela biyu nake ajiyewa a sito, farantin ƙarfe kuwa sai saura kwana huɗu a fara yanka nake aika a kawo.