Motoci huɗun da na kashe a kan tebur

A saman wadirof ɗina akwai wani tsohon kwalin takalmi da maiɗakina ke kira maƙabarta. Ƙananan motoci huɗu ne kwance a ciki, babu wadda ta fi taƙi ɗaya tsawo, kuma babu wadda hatsari ya kashe. Ni na kashe su da hannuna, da gam da fenti da gaggawa. Tun da ɗan yayata da abokansa biyu suka fara zuwa ranar Asabar suna zama gefen teburina, suna cewa "Kawu, mu ma za mu fara", na ga ya kamata in sauko da kwalin nan in buɗe muku shi, ku da sauran ƙannena masu wannan sha'awa.

Ga wanda bai san abin ba, ba irin motocin Matchbox ko Hot Wheels da ake sayowa a haɗe nake nufi ba. Kwali za ka saya, ka tarar da gutsattsarin roba manne a jikin firam, wani lokaci sun haura ɗari, ga tayoyi, ga gilasai, ga takardar sitika, ga takardar zane mai nuna abin da zai bi wani. Lambar da ke jikin kwalin, 1/24, tana nufin kowace santimita ɗaya a hannunka santimita 24 ce a jikin motar gaske. Fijo 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna, mai tsawon kusan mita huɗu da rabi, idan aka rage ta haka ba za ta kai santimita 19 ba. Kamfanonin Japan irin su Tamiya, wanda ya faro da sana'ar katako a Shizuoka a 1946 kafin ya koma roba, sun fi yin 1/24, na Amurka irin su AMT kuma sun fi son 1/25. Bambancin ƙanƙani ne, amma ranar da ka ari tayar wannan ka sa wa wancan, idonka zai gaya maka.

Na shigo harkar da girman kai. Ni da na tashi ina fere kara, ina tsaga ɓawonsa ina sokawa a totuwa, ina yanka tsohon silifa in yi taya, ina buɗe gwangwanin madara in yi bodin tifa, me wata roba da aka riga aka yanka mini za ta gagare ni da shi? Motar kara ta koya mini abubuwa da yawa, ciki har da wata ɗabi'a da ta cuce ni daga baya: a fara da hantsi, a ja ta a layi kafin Magariba.

Ta farko Volkswagen Beetle ce. Dare ɗaya na yi mata. Ban nemi abin yanka ba, murɗe kowane ɓangare nake yi daga jikin firam kamar mai tsinkar ganye, kuma duk inda na murɗe sai ya bar rami ko farin tabo. Ƙaramar filaya mai kaifi ake so, in babu ita abin yanke farce ma ya wadatar. Ka yanka nesa kaɗan da ɓangaren, sannan ka bi ragowar da reza da sanfefa mai laushi. Sai babbar ɓarnar: sufa gulu na sa a gilasai. Da na kwanta komai garau yake, da na tashi sallar Asuba gilasan sun yi fari fat, ga zanen yatsuna ɓaro-ɓaro a jiki. Tiririn wannan gam ne ke tashi ya sauka a duk inda maiƙon hannu ya taɓa. Daga baya na ji cewa da wannan dabarar ce ma masu binciken laifi ke fito da zanen yatsun ɓarawo. To ni ban wahalar da kowa ba, na bar shaida a gilashin gaba.

Gam ɗin da aka yi don wannan roba ba liƙi yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi kaɗan har ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, kamar walda. Shi ya sa ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa, shi ya sa kuma ba ya kama wurin da fenti ya rufe ko wurin da aka yi wa ƙyallin azurfa, irin bamba da madubi, sai ka kankare daidai inda za su haɗu. Gilashi da fitilu kuwa farin gam na kafintoci za ka sa musu. Yana bushewa garau, in ya yi yawa ka goge da jiƙaƙƙiyar auduga. Kuma kafin gam ya taɓa komai, ka gwada haɗa ɓangarorin a bushe ka ga zamansu.

Ta biyu fenti ne ya ci ta, kuma ita ta fi ba ni haushi, domin a nan na ɗauka wayo na yi. Na ga kuɗin ƙaramar kwalbar fentin da aka yi don wannan aiki, na ce wannan ai almubazzaranci ne. Na tafi gareji wurin wani mai fentin mota da muke mutunci, ya zuba mini ragowar jan fenti da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, a kwalba, kyauta. Na dawo na lafta a kan tsurar roba. Ban kai ga ajiye burushi ba bodin ya fara yamutsewa, ya koma kamar bayan kwaɗo. Laifin ba na mai fenti ba ne, shi ƙarfe yake fesawa, kuma tinar da ƙarfe ba ya ji ita ce ke cin wannan roba kamar yadda gam ɗin ke cin ta. Araha ba ta ado.

Fentin wannan harka kashi uku ne, kuma sanin su ya fi sanin sunan kowane kamfani amfani. Akwai akirilik, mai saurin bushewa da sauƙin wari, wanda ya fi dacewa da mai koyo. Akwai enamel, mai kwanciya sumul amma mai ɗaukar kwanaki kafin ya yi ƙarfi. Akwai laka, wato lacquer a Turance, ba lakar ƙasa ba, mai ƙyalli da ƙarko, wanda tinarsa ta fi ta sauran zafi. Mai zafi a ƙasa yake zama, mai sanyi a sama. In ka fesa laka a kan enamel, na ƙasan zai tashi ya tattare. Kafin kowanne kuma, ka wanke bodin da ruwan sabulu don fitar da maiƙo, ka bar shi ya bushe, ka fesa firaima, wato fentin share fage da ke shiga tsakanin roba da launi.

Da wani ya nuna mini dabarar cokali tun farko, da motar nan tana raye. Fararen cokulan roba na cin shinkafar biki, masu karyewa ƙas in ka lanƙwasa su, yawancinsu irin robar motar ce. Masu lanƙwasuwa ba su karye ba wata roba ce daban, ka bar su. Duk fentin da za ka sa wa mota, ka fara sa shi a bayan cokali, da firaimarsa da komai, bi da bi yadda za ka yi a jikin bodi, ka rubuta a mariƙin abin da ka sa. In zai ci roba, cokali zai ci. Yanzu ina da gwangwani cike da su, duk wanda ya shigo sai ya tambaya ko sana'ar abinci na fara.

Ta uku na yi komai daidai har zuwa feshi, sai na zaɓi yammacin wata rana a watan Janairu, a tsakar gida, hunturu na kaɗawa. Ƙura ta sauka a ɗanyen fenti. Maimakon in bar shi ya bushe in goge da sanfefa mai lamba 2000 da ruwa, sai na kai yatsa zan ɗauke wani ɗan zare. Garin neman gira na rasa ido. Na sake lafta wani fentin a kai don in rufe tabon, ya yi kauri yana zuba. Don ya bushe da wuri kuma na ɗora bodin a gaban gilashin motata a rana, na rufe ƙofa. Bayan La'asar na tarar rufin ya lotsa, ginshiƙan gilashi sun karkace. Wannan roba ba ta jure zafin mota rufaffiya a ranar ƙasarmu, ko tana cikin kwalinta.

Yanzu da sassafe nake feshi, kafin iska ta tashi, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa. Gwangwanin feshi na nesa da bodi kamar santimita 20 zuwa 25, hannu na tafiya ba tsayawa, shafa biyu ko uku marasa kauri da ɗan jira a tsakani, sannan ɗaya mai ɗan nauyi. Ina gamawa in kife babbar robar abinci mai tsabta a kai. Da damina kuma, ranar da iska ta jiƙe, ba na taɓa laka, domin dusashewa yake yi kamar an hura masa numfashi. Sai jira. Fenti na iya bushewa a sama cikinsa ɗanye. Ka kai hanci kusa, in har kana jin warin tina, bai yi ba. Ni mako guda nake ba bodi, in koma kan kujeru da sitiyari da ƙasan mota.

Ta huɗu ita ce har yau nake jin ta a rai. Peugeot 405 T16 ce ta Tamiya, mai launin ruwan ɗorawa, irin wadda Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan ya ci tseren Paris-Dakar da ita a 1990, zamanin da tseren ke ratsa hamadar Nijar ya bi ta Agadas. Wani abokina ya samo mini tsohon kwalin a hannun mai sayar da kayan gwanjo a ƙasar waje. Ruwan ɗorawa launi ne mai wuyar rufe abin da ke ƙarƙashinsa, sai a kan farar firaima yake fitowa da kyau, kuma wannan karon na sani, na bi a hankali, fentin ya fito kamar a lasa. Saura sitika, kuma motar tsere ai sitika ce adonta.

Waɗannan sitikun ba ɓarewa ake yi a manna ba. Yanko ɗaya za ka yi, ka tsoma a ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙu, ka ajiye har ta saki takardarta, ka zamar da ita a kan bodi, ka matse ruwan da auduga. Ni kuwa na yanka su duka na zuba a kwano lokaci guda, kuma ban yi tunanin shekarun da takardar ta yi a ajiye ba. Suka farfashe a ruwa kamar ƙanzo. Da na gwada da wata ƙarama da ba a bukata, da na gane sun tsufa, in shafa wa takardar siririn fenti marar launi ya riƙe su kafin su ga ruwa. Haka kuma a kan fenti mai sheƙi ake ɗora su, in fuskar ta yi garje iska na maƙalewa a ƙasa gefensu ya yi fari. Motar na nan, fentinta lafiya lau, amma tsirara. Don haka kada kwalin da kuka fi ƙauna ya zama na farkonku, ko na biyu. Ku fara da mai sauƙi, mai araha, wanda in ya lalace za ku yi dariya.

Akwai kuskuren da ba ya cikin kwalin takalmi. Na taɓa feshi a ɗaki rufe da dare don gudun ƙura, na kwana da ciwon kai da jiri, yarinyata kuma na barci a ɗakin da ke kusa. Ban sake ba. Tina guba ce ga huhu kuma tana kama wuta, a sarari ake aikinta, da takunkumin da aka yi don fenti, nesa da risho da murhu. Ƙananan ɓangarori da reza kuma a akwati mai murfi, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Sai batun aljihu: kayan nan daga waje suke zuwa, kuɗin dala ne, kuma akwai shekarar da na sayi kwali shida na haɗa ɗaya. Maiɗakina ba ta ce komai ba, ta dai jera su a inda zan riƙa ganinsu kullum in na shigo.

Ɗan yayata ya riga ya sayi nasa kwalin, yana ta ɗokin buɗewa. Na ce ya kawo shi ranar Asabar, amma ya biya ta shago ya sayo cokulan roba dozin biyu, masu karyewa, domin makon farko su kaɗai zai fesa.